Idan Babur Ya Faɗi, Inji Ya Ƙi Tashi

Ran 26 ga watan Disamba na shekarar 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga birnin Paris na ƙasar Faransa, suka nufi Dakar, babban birnin Senegal. Hanyarsu ta ratsa Aljeriya, ta keta Sahara, ta biyo ta Agadas da Yamai a Jamhuriyar Nijar, sa'an nan ta shiga Mali. Da aka isa Dakar ran 14 ga Janairu na 1979, 74 kaɗai suka kai. Wanda ya zo na ɗaya shi ne wani saurayi Bafaranshe mai suna Cyril Neveu, kuma a kan babur yake, ƙirar Yamaha XT500, mai silinda ɗaya tak, wanda ba shi da wata hanyar tayarwa sai dai a buga masa kik da ƙafa.

Wannan tsere, wanda aka mai da shi Kudancin Amurka a 2009, sa'an nan ƙasar Sa'udiyya tun daga 2020, shi ya sa mutane da yawa suka san irin baburan nan na jeji. Babura ne dogaye marasa nauyi, masu tayoyi masu haƙora, waɗanda aka ƙera musamman domin rairayi da taɓo da duwatsu. Duk wanda ke hawansu, kome gwanintarsa, ya san faɗuwa tana cikin sana'ar. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne abin da kan biyo baya, watau ya miƙe, ya ɗaga babur, ya buga kik, inji ya yi shiru, ga rana tana dukan ƙeya, ga shi babu gari kusa.

A nan ne mutane da yawa kan yi kuskure. Sai su hau kik da duka babu ƙaƙƙautawa, har gumi ya jiƙa su, ƙarfinsu ya ƙare, ruwan shansu ya ragu, inji kuwa yana nan yadda yake. Alhali kuwa ba kasafai faɗuwa kan kashe inji ba. Abin da takan yi shi ne ta hargitsa ɗaya daga cikin abubuwa huɗu waɗanda kowane injin fetur ke bukata: mai, da iska, da wuta, da kuma matsi a cikin silinda. Aikin mahayi shi ne ya gano wanne ne ya ɓace, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da mai sauƙi kafin mai wuya. Wannan ilimi kuma bai tsaya ga 'yan tsere ba. Ɗan kabu-kabu a Damagaram da manomi a bayan garin Tamale, duk inji iri ɗaya ne a ƙarƙashinsu.

Amma kafin a taɓa inji, sai mutum ya fara duba kansa, domin jiki yakan ɓoye rauni a lokacin firgita. A tseren shekarar 1987, Hubert Auriol, wanda yake kan gaba ana dab da gamawa, ya yi karo da kututturen itace, idon sawunsa duka biyu suka karye, amma duk da haka ya sake hawa babur ya ƙarasa zangon ranar, sai a can ne aka sauke shi. Saboda haka duk wanda ya bugu a kai, ko yake jin jiri, ko wuyansa ke ciwo, bai kamata ya yi kokawar ɗaga babur ba, balle ya tayar da shi.

In jiki lafiya, sai a rufe famfon mai, a miƙar da babur, a zagaya shi a duba. A ga ko baƙin mai yana zuba daga wata tsaga a jikin inji, ko ruwan lagireto yana ɗiga, ga baburan da ke da shi. A kuma murɗa totur a sake shi, a tabbata yana komawa da kansa, domin rairayi yakan shige hannun totur ya maƙale shi a buɗe, kuma injin da ya tashi a wannan hali yakan fizge da mahayinsa. Bayan haka sai a duba maɓallin kashe inji da ke kan hannu. Abu ne ƙarami, amma sau da yawa shi ne mai laifi, don kuwa hannun babur shi ke fara isa ƙasa.

To, yanzu sai batun mai, wanda shi ne babban dalilin da kan hana babur mai kabureta tashi bayan faɗuwa. A ƙarƙashin kabureta akwai wani ɗan kwano inda fetur ke taruwa. A cikinsa akwai wani abu mai yawo a bisa man, kamar gora a kan ruwa, wanda in kwanon ya cika sai ya tura wata 'yar allura ta toshe hanyar mai. Wannan dabara tana aiki ne muddin babur yana tsaye. Da zarar ya kwanta, sai allurar ta saki, fetur ya yi ta kwarara, wani ya zube ƙasa, wani ya gangara cikin inji. Shi kuwa inji yana bukatar iska mai yawa ƙwarai, watau wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. In fetur ya yi yawa fiye da kima, ko da filogi ya kawo wuta ba zai kama ba. Alamar haka ita ce warin fetur mai ƙarfi.

Maganin wannan ya saɓa wa abin da hannu ya saba yi. Mutum yakan yi saurin jan cok, abin nan da ake ja da sanyin safiya, alhali aikin cok shi ne ƙara yawan mai, watau ya zama an ƙara wa mai shaƙewa ruwa ke nan. Abin da ya dace shi ne a bar famfon mai a rufe, a mai da cok wurinsa, a buɗe totur gaba ɗaya, a buga kik sau da dama domin iska ta share man da ya taru. Ga manyan babura irin su XT500, akwai wata 'yar liba ta rage matsi. Akan danne ta a lokacin wannan shara, da wuta a kashe, don kada kik ya dawo ya bugi ƙafa. Waɗansu kuma an yi musu liba ta musamman mai ƙara iska domin tayar da inji mai zafi. In an gama, sai a kunna, a tayar yadda aka saba, in ya kama a buɗe famfon mai. Haƙurin minti biyar ko goma ma yakan taimaka, gama fetur yana bin iska da kansa.

Baburan zamani kuwa, da yawansu ba su da kabureta. Tun daga wajen shekarar 2008, lokacin da kamfanin Suzuki ya fito da RM-Z450, aka shiga ƙera baburan tsere masu famfon lantarki da ke fesa mai bisa umurnin wata 'yar kwamfuta. Da yawa daga cikin irin waɗannan suna da na'urar da ke gane cewa babur ya kwanta, sai ta yanke mai da wuta don gudun gobara. Sau da yawa abin da ake bukata kawai shi ne a miƙar da babur, a kashe, a dakata kaɗan, a sake kunnawa. In an kunna, a kasa kunne: famfon mai yakan yi 'yar ƙara ta daƙiƙa biyu ko uku. In ba a ji ta ba, sai a duba kan batir ko ya kwance, a duba fis ko ya ƙone. Har wa yau, waɗansu babura ba sa tashi sai an matse kuloc, ko an ɗage jak, kuma 'yan wayoyin da ke waɗannan wurare suna saurin tsinkewa.

In duk wannan bai yi ba, sai a kwance filogi, gama shi ne shaidan da ya ga abin da ya faru a ciki. In ya fito a jiƙe yana warin fetur, to mai ne ya yi yawa, sai a goge shi a busar, ko kuwa a sa sabo. In ya fito a bushe ƙayau bayan an sha buga kik, to mai ba ya isowa. Daga nan sai a gwada wuta. Akan mai da filogi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, nesa da ramin da ya fito, a buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi alamar lafiya ce. Kada a riƙe filogin da hannu, domin wutar da ke bi ta cikinsa ta kai dubban bolt, kuma kada a yi gwajin kusa da inda fetur ya zube. In babu wuta sam, a duba hular filogi da wayoyin kwayil. A baburan jeji da yawa, maɓallin kashe inji yana aiki ne ta hanyar karkatar da wuta zuwa jikin ƙarfe, saboda haka in ya murƙushe, ko wayarsa ta saɓule ta taɓa ƙarfe, wuta ba za ta zo ba har sai an cire wannan waya.

In kuwa filogi a bushe yake, sai a bi hanyar mai daga sama zuwa ƙasa. A murfin tanki akwai ɗan tiyo da iska ke shiga ta cikinsa. In ya lanƙwashe ko laka ta toshe shi, mai ba zai sauko ba, kamar dai yadda ruwa ke ƙin fita daga buta in an toshe bakinta. A buɗe murfin, in an ji iska ta shiga da sauri, to an kama ɓarawo. Wani lokaci kuma allurar nan ce kan maƙale, sai a ɗan ƙwanƙwasa kwanon kabureta da ƙotar sukuddireba. Bugu da ƙari, jijjigar faɗuwa takan tayar da dattin da ya kwanta a gindin kwanon, ya toshe ƙananan ƙofofin mai. Akwai wani noti a ƙasan kwanon wanda in an sassauta shi man zai zubo tare da dattin.

Ta wajen iska, a buɗe akwatin iyakilina. In babur ya daɗe a kwance, baƙin mai yakan bi ta tiyon numfashin inji ya cika akwatin, ya jiƙa soson tace iska. Sai a tsiyaye, a matse soson. In inji ya tashi yana hayaƙi shuɗi na ɗan lokaci, wannan ragowar man ce take ƙonewa. A kuma tabbata robar da ta haɗa kabureta da inji ba ta zame ba, don kada inji ya zuƙi rairayi.

Akwai hali guda wanda ya fi duk sauran hatsari. In babur ya faɗi cikin rafi ko kududdufi, ko kuma aka taka kik aka ji ya cije ya ƙi sauka, to kada a tilasta masa, kada kuma a tura shi a giya. Iska tana matsuwa, amma ruwa da mai ba sa matsuwa. In silinda ta cika da ruwa aka tilasta wa fistin hawa, sandar da ke tura shi takan lanƙwashe, gyaran minti talatin ya koma na buɗe inji gaba ɗaya. A nan kam maganar Hausawa ta tabbata, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin yi shi ne a cire filogi, a buga kik har ruwan ya gama fita ta ramin, a ɗaga gaban babur sama don salansa ta tsiyaye, a matse soso, a zubar da abin da ke cikin kabureta. Daga nan a duba baƙin mai. In ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shige shi, kuma wajibi ne a sake shi da zarar an sami hali.

Abu na ƙarshe shi ne matsi. In an taka kik ya faɗi sakwaf babu nauyi, a fara duba libar rage matsi ko ta maƙale. In ba ita ba ce, a toshe ramin filogi da babban yatsa a buga kik a hankali. Lafiyayyen inji zai ture yatsan da ƙarfi. In bai ture ba, to matsalar ta bawul ce ko ringi, kuma ta wuce gyaran bakin hanya. A wannan hali, wanda ke cikin jeji ya fi kyau ya tsaya kusa da babur ɗinsa ya tattala ruwansa, gama masu nema sun fi saurin hango babur da mutum mai tafiya a ƙasa.

Tun a shekarar 1913 aka fara wata gasar babura ta kwana shida a garin Carlisle na ƙasar Ingila, wadda har yanzu ana yinta a ƙasashe dabam-dabam. Ginshiƙin ƙa'idarta shi ne mahayi ya gyara babur ɗinsa da hannunsa. Kayan da wannan aiki ke bukata ba su cika aljihu biyu ba: sifanar filogi, da filogi sabo, da sukuddireba, da filaya, da fis, da ɗan tsumma. Wanda ya riƙe waɗannan, ya kuma san abin da zai fara dubawa da abin da zai bari sai ƙarshe, galibi kafin inuwa ta gusa zai ji injinsa ya amsa.