Makullin Akwatin Intanet

 Jawabinmu na yau zai kai mu ƙasar Faransa, inda za mu duba ɗan akwatin nan da ke watsa intanet cikin gida ba tare da waya ba. Kamfanin Free na birnin Faris ne ya fito da nasa, Freebox, a 2002, sa'an nan Livebox ya biyo baya a 2004. Yanzu da wuya ka shiga gida ka rasa irinsa.

Kwanakin baya na ziyarci wani ɗalibi ɗan Maraɗi a unguwar Guillotière ta birnin Liyon, na tarar da shi ya yi tagumi. Ashe saboda zumunci ya ba maƙwabcinsa lambar sirrin akwatinsa, ta yi ta yawo har ta kai hannun mutanen da bai sani ba. Sai ga takardar gargaɗi daga hukuma, wai an sauke fim ta layinsa ba bisa ƙa'ida ba.

Tushen takardar kuwa doka ce ta 2009, wadda ta kafa hukumar Hadopi, ta kuma ɗora alhakin tsare layi a wuyan wanda sunansa ke kan rajista. Aka yanka tarar sakaci har zuwa Yuro 1,500. A 2012 kotun garin Belfort ta ci wani magidanci tarar Yuro 150, alhali matarsa ce ta sauke waƙoƙin. A 2022 hukumar Arcom ta gaji wannan aiki.

To, yaya mutum zai kama ragamar akwatinsa? Da farko ya duba ƙarƙashinsa ko bayansa, akwai 'yar takarda manne mai ɗauke da sunan layin da lambar sirrinsa. Daga nan ya buɗe manhajar shiga intanet a kwamfutar da ke haɗe da akwatin, ya rubuta adireshinsa: mai Livebox ya rubuta 192.168.1.1, mai Freebox kuwa mafreebox.freebox.fr. Shafin da zai buɗe yana da tasa kalmar shiga, ta maigida.

A ciki zai ga jerin duk wayoyi da kwamfutocin da ke shan layinsa. Sai ya sake lambar sirri, ya sa doguwa, ya zaɓi tsaro irin na WPA2 ko WPA3, ya guji WEP, wanda masana suka fallasa rauninsa tun 2001. In kuma yana son kyautata wa baƙi, akwatuna da yawa suna ba da damar buɗe musu layi na dabam.

Haka muka yi da wannan ɗalibi, kafin shayinmu ya huce baƙin wayoyi sun ɓace daga jerin. Maƙwabci yana da hakki, amma makullin gida a hannun maigida yake kwana. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Sai wani makon, mu kwana lafiya.