Kai Ɗauki da Makami a Injamena

A Injamena, mutumin da ya zaro bindiga a kasuwar Dembe domin ceton wanda ake ƙwace wa babur yana iya wayar gari a kurkukun Klessoum. Dokar hukunta laifuka ta Chadi, wadda aka sabunta a 2017, ta amince da kariyar kai, wato tunkuɗe farmakin da ke aukuwa nan take a kan mutum ko waninsa, muddin martanin bai zarce girman haɗarin ba. Harbe ɓarawon da ya riga ya juya baya yana gudu kuwa kisan kai ne a gaban alƙali, sannan riƙe bindiga babu lasisi laifi ne mai zaman kansa. Don haka wanda ya ga ana irin wannan ƙwace ya fara kiran jandarma ko 'yan sanda tukuna.