Mako Guda A Rabin Aji

An nemi in yi magana a kan ilimi, amma a gaban waɗanda suka koya mini riƙon alƙalami ba zan yi ƙarambanin lacca ba. Labarin abin da na gani da idona kawai zan ba ku.

Ina da 'ya mai shekara 5 a rabin aji, a wata makarantar al'umma da ke nan cikin birni. Kullum ta dawo gida jiki duk ƙasa, in na tambaye ta me aka koya musu sai ta ce wasa suka yi. Raina ya ɓaci, na ɗauki hutu daga ofis da niyyar in cire ta in kai ta inda ake Turanci. Da na faɗa wa malamarsu, sai ta ce, "Malam, ka daure ka zauna da mu mako guda, in ya so sai ka yanke shawara." Na ji kunya, na nemi gefen tabarma na zauna.

Ran Litinin kowane yaro ya shuka wake a gwangwanin madara. Daga nan aka shiga ƙirga da marafan kwalba, amma abin da ake ƙirgawa ƙofofin gari ne: Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kona, Ƙofar Tukur-Tukur. Kowace ƙofa marfi ɗaya. In malama ta ce an rufe biyu, sai yara su ɗebe marfi biyu su faɗi saura. Ashe ɗebewa ake koyo, su ba su sani ba.

Ran Talata aka baza yashi a faranti, yara suna zana harafin B da yatsa, kowa yana kawo kalmar da ta fara da shi: baba, biri, bante. Bayan haka aka yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, malama ta tsaya a tsakiya ta ce su ƙarasa da kansu.

Ran Laraba ce ranar yumɓu, ranar da na gane inda ƙasar nan take fitowa. Suka mulmula tubali suka yi 'yar ganuwa, ta rushe har sau biyu. Malama ba ta sa hannu ba, sai dai ta ba su labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin nan a zamanin Sarki Abdulkarimu. Can sai wani yaro ya ce gindin ne ya yi siriri. Suka faɗaɗa shi, gini ya tsaya.

Ran Alhamis aka ci kasuwa da kuɗin takarda, ana taya, ana sallamawa, ana ba da canji. Ran Juma'a aka duba farce, aka koyi wanke hannu da sabulu, sannan aka leƙa gwangwanaye. Wake ya tsiro! 'Yata ta ƙirga mini waɗanda suka fito da waɗanda ba su fito ba, ba kuskure ko ɗaya. Ban cire ta ba.

Daga baya na bincika, na ga malamar nan ba da ka take aiki ba. Bajamushen nan Friedrich Froebel, wanda ya kafa irin wannan aji a 1840, sunan da ya ba shi ma'anarsa lambun yara, wato yaro shuka ne, wasa kuwa shi ne ban ruwansa. A nan gida kuma, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da harshen uwa ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Iyayenmu sun riga sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To amma 'yan'uwa, akwai abin takaici. Yara sun haura 40, malama ɗaya, tabarma uku, kuma sabulun nan daga aljihunta ya fito. Mu kuwa kowace shekara hankalinmu na kan fenti da gyaran zauren taro, alhali ɗaliban da makarantarmu za ta karɓa nan da shekara 7 suna can zaune a ƙasa.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta ɗauki nauyin rabin aji guda a cikin birni bana: tabarmi, alluna, sabulu, randar ruwa da ɗan alawus na mataimakiyar malama. Ni na ɗauki tabarmin. Duk mai shakka kuma, ina gayyatarsa ya zo ya zauna mako guda kamar yadda na yi.