Ƙarfen Da Jiki Ke Karɓa



Ku mazauna birane, ku ake bugo wa waya idan babur ya karya ƙafar wani a gida, ku ne kuma ake jira ku ce a kai shi wurin maɗori ko Asibitin Ƙashi na Dala. Sau da yawa tsoro ne ke hana zuwa asibiti, wai za a sa ƙarfe, ƙarfe kuwa tsatsa yake yi.

Wannan tsoro yana da asali. Jikin ɗan Adam cike yake da ruwa mai ɗumi da gishiri, kowa kuma ya ga abin da damina ke yi wa fartanya. Lokacin da likita Arbuthnot Lane na Landan ya shiga ɗaure karaya da ƙarfe a wajajen 1890 zuwa 1910, ƙarafan zamanin suna cinyewa a jiki, nama ya kumbura, ƙusa ta saki. Magani ya zo ne ta hikimar da maƙera suka daɗe da sani, wato narka ƙarafa tare, kamar yadda jan ƙarfe da kuza ke ba da tagulla. Ƙarfe marar tsatsa na asibiti yana ɗauke da kuromiyam kusan kashi 18 cikin ɗari, wanda ke yi masa wata siririyar fata da gishiri ba ya saurin ci.

A shekarar 1952 wani masani ɗan Suwidin, Branemark, ya sa ƙarfen titaniyam a ƙashin zomo don wani bincike dabam. Da ya zo cirewa sai abu ya ƙi, domin ƙashi ya tsiro ya manne da shi. An yi ta amfani da titaniyam da aka haɗa da alminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4, amma da aka yi shakkar illar banadiyam, sai masana a Suwizalan suka maye gurbinsa da niyobiyam kashi 7. Niyobiyam ɗin nan ana iya samunsa daga kwalambait, ma'adinin da ake haƙowa tare da kuza a Jos, wanda Nijeriya ta kasance kan gaba a duniya wajen fitar da shi a shekarun 1950. Iyayenmu sun haƙa, wasu sun narka, yau muna saye da tsada.

Saura matsalar da ta fi ba mu mamaki: ƙarfe ya fi ƙashi tauri nesa ba kusa ba. Idan ya ɗauke nauyin duka, ƙashin da ke jikinsa sai ya yi lalaci ya rame, kamar ɗalibin da ake yi wa aikin gida. Shi ya sa ake neman haɗi mai ɗan sassauci. A 2013 ma an amince a Turai da wata ƙusar magniziyam ƙirar Jamus, wadda ke narkewa a hankali, jiki ya shanye ta, babu buƙatar tiyata ta biyu.

Ba mu raina maɗoranmu ba, sun yi wa garin nan aiki. Sai dai karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta ƙugu, ko ƙafar da ta yi sanyi ta fara baƙi bayan ɗauri, ta asibiti ce a ranar, kada a kwana ana shawara.