Lalle Ba Ya Ƙarya: Yadda Ake Kama Kuskure A Fim

Ga waɗanda data ba ta barinsu su saurari sauti, ga shirin wannan makon a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau zancen fim za mu yi, amma ba na wane jarumi ya fi wane ba. Zancen mutumin nan ne da ba a rasa shi a kowane wurin kallo, ko a ɗakin kwanan ɗalibai na Poli a Ƙaura, ko a shagon cajin waya a Zurmi. Ana tsakiyar kallo, jaruma tana kuka, kowa ya yi tsit, sai ka ji ya ce, "Ku tsaya, a mayar baya, wallahi ba ɗankwalin nan ne a kanta ɗazu ba." Ana jin haushinsa, amma sau da yawa gaskiyarsa ce. Abin da nake son mu duba shi ne, ƙananan kurakurai yake kamawa, manyan kuma suna wucewa ta gabansa bai ko ɗaga kai ba.

Bari mu fara da ƙananan, don sun fi ban dariya. Me ke kawo su? Ba a ɗaukar fim a jere yadda muke kallonsa. In aka samu aron gidan wani Alhaji na kwana biyu, to duk wata fitowa da ta shafi gidan nan a kwana biyun za a ɗauke ta, ta farkon labari da ta ƙarshensa. Ranar da aka ɗauki ɗaurin aure, wata ƙila ranar aka ɗauki saki. Sannan hira guda ta minti uku, sai a maimaita ta sau huɗu ko biyar, kyamara na kan wannan, a sake tana kan wancan, a sake daga nesa. Edita ne zai zo ya ɗinke su. A wurin ɗinkin nan ake samun kofin shayi ya yi rabi, an juyo ya cika, an sake juyowa babu shi gaba ɗaya. Akwai wanda aikinsa ke nan a lokeshin, mai kwantiniti: ya rubuta wace riga aka sa, a wane hannu agogo yake, ina karin hula ya kalla. In ya yi gyangyaɗi, ko kuma tun farko furodusa ya ga ɗaukarsa ɓarnar kuɗi ce, mu masu kallo mu ne za mu yi masa aikin daga baya, kyauta.

In kana son ka ƙware, daina kallon fuskar mai magana. Kalli hannun mata. Lalle shi ne babban mai tona asirin fim ɗin Hausa, don ba ya jiran darakta: yau ya kama raɗau, bayan kwana goma ya koɗe. Sai ka ga amarya ta fito daga ɗaki da lalle sabo fil, ta iso falo ya koɗe, ta koma ɗaki ya dawo. Wannan ya gaya maka tsakanin ɗaki da falon nan akwai sati biyu. Ga maza kuma aski da gemu. Bayan su sai inuwa: an ce da asuba ne, amma inuwar mutum tana ƙarƙashin ƙafarsa. Sai gilashin mota da baƙin tabarau, inda za ka hango mai kyamara da mai riƙe da sandar makirfo tsaye ƙiƙam. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne yanayi. An nuna gona kore shar, gero ya kai ƙirji, aka rubuta "Washegari", sai ga hazo da karmami. A dare ɗaya an tsallake kaka an faɗa hunturu.

Kada wani ya ce ai rashin kuɗin Kannywood ne. A watan Mayun 2019, a zango na 8 kashi na 4 na Game of Thrones, shirin da aka ruwaito ana kashe wa kowane kashi wajen dala miliyan 15, an bar kofin gahawa na zamani a kan tebur gaban Daenerys, a duniyar da ake yaƙi da takobi da dodanni. Duniya ta yi ta dariya, HBO suka goge shi da kwamfuta cikin kwana biyu. A Gladiator na shekarar 2000, keken doki ya kife a filin daga, ga tukunyar gas a bayansa ƙarara. To in waɗannan sun yi, wa zai tsira? Shi ya sa ni irin wannan kuskuren dariya nake yi in wuce. Bai taɓa labarin ba.

Akwai ma abin da mutane ke kira kuskure alhali ba shi ba ne. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, an yi ta surutu. Amma wannan yarjejeniya ce a fili tsakanin Aminu Saira da masu kallo: ga fuska ta canza, Sumayya dai ita ce. Kana iya cewa wannan ta fi maka waccan, ra'ayinka ne. Haka in jarumi ya yi wauta, ya yarda da abokin da kowa ya ga munafuki ne, ba rami ba ne a labari, don mutane suna yin wauta kullum. Haka tambayar da aka bari da gangan sai zango na gaba.

To mene ne ramin labari na gaskiya? Shi ne labari ya kafa doka da bakinsa, sannan ya taka ta bai ba da dalili ba. In fim ya ce wane ɗan tauri ne, ƙarfe ba ya kama shi, na yarda, duniyar fim ɗin ke nan. Amma in a ƙarshe aka soke shi da wuƙa ya faɗi, ba a nuna an karya asirin ba, to marubuci ya gaji ne yana son ya tashi. Iyayenmu da suka kalli fina-finan Indiya sun san wannan. A Sholay na 1975, ƙauyen Ramgarh babu lantarki, Radha kullum tana fama da fitilu da dare, amma ga ƙatuwar tankin ruwa can sama da Veeru ya hau yana barazanar faɗowa. Har yau masu kallo na tambaya, da me ake tura ruwan sama? A Amar Akbar Anthony na 1977 kuwa, 'ya'ya uku suna kwance ana jan jininsu lokaci guda, yana hawa sama ya haɗu a kwalba ɗaya ya sauko jikin uwarsu. Zuciya ta karɓa, amma duk wanda ya taɓa kai ɗan'uwa asibiti aka ce a nemo jini ya san ba haka ake yi ba.

Wannan ya kawo mu kan ramin da muka ara daga Indiya ba mu duba ko ya dace da mu ba: wasiyya. Alhaji ya rasu, lauya ya zo da jaka, ya karanta takarda cewa duk dukiya ta ɗan autansa ce, sauran ko allura. Daga nan rikici ya ɓarke har kashi arba'in. Jama'a, gidan Musulmi ne fa aka nuna mana, ana salla ana azumi. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya taka zuwa kotun shari'a, fim ya ƙare a kashi na biyu. Haka za ka ga an saki mace ranar Laraba, Juma'a ta sama an ɗaura mata sabon aure, ina idda? Ko mijinta ya rasu, takabar wata huɗu da kwana goma ta zama sati uku don labari na sauri. Waɗannan sun fi ɗankwali nauyi nesa ba kusa ba, don akwai yaron da a fim ya fara ganin yadda ake rabon gado.

Sai tarihi. In aka rubuta "Shekara talatin da biyar da suka wuce", buɗe idonka sosai. Takardar naira dubu a 2005 ta fito, ta ɗari biyar a 2001, wayar salula ta GSM ma 2001 ta shigo Najeriya. Jihar Zamfara kanta ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire ta daga Sakkwato. Kenan in ka ga dattijo yana tuna ƙuruciyarsa, an nuno shi yana miƙa sadaki da 'yan dubu-dubu, ko yana cewa za shi Gusau wurin gwamna a 1990, ka kama. Titanic ma ya yi irinta: Jack yana ba da labarin kamun kifi a tafkin Wissota, alhali jirgin ya nutse a 1912, tafkin kuma sai 1917 aka samar da shi da madatsar ruwa.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe, don nan ne mu 'yan Ƙaura, Shinkafi da Zurmi muke ganin abin da mai kallo a Kano ba zai gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na farko harshe. In ana son a nuna baƙauye ko mai ban dariya, sai a ɗora wa jarumi Zamfarci. Fitowar farko za ka ji "munka taho", "mi kaka so", "wagga magana". Bayan minti goma ya manta, ya koma "muka zo" da "me kake so" irin na cikin badala. In rai ya ɓaci a labarin ko soyayya ta yi daɗi, Zamfarcin ya gudu gaba ɗaya. Wannan ma kuskuren kwantiniti ne, daidai yake da hular da ta canza kala, sai dai kunne ke kama shi. Kuma yana gaya maka yadda aka ɗauki harshen: riga ce ta barkwanci da ake cirewa in za a yi maganar hankali.

Sai hanya. Mutum ya baro Kano bayan la'asar, ya iso Shinkafi ana kiran magariba, rigarsa ko ƙura babu. Ta ina ya biyo? Duk wanda ya san Funtuwa, Tsafe, Gusau, Ƙaura, sannan ya miƙa ta Moriki, ya san wannan sai dai a mafarki. Kuma a shekarun nan wane direba ne zai ɗauki hanyar nan da yamma hankali kwance yana sauraron waƙa?

Wanda ya fi ci mini rai shi ne fina-finan garkuwa da mutane da suka cika YouTube. An ɗauke yaro da safe, an kira waya, kafin dare uba ya zo da jaka cike da kuɗi, an rungume juna, kashi na gaba biki ake yi. Ina kuɗin suka fito? A nan mun san amsar: an sayar da gona, an sayar da shanun huɗa, an kwashe rumbu, dangi sun yi karo-karo, an ci bashi, an ɗauki makonni ana ciniki. Bayan an dawo kuma akwai jinya, akwai mutumin da ba ya iya barci, akwai damina mai zuwa ba gonar da za a shuka. Fim ya tsallake duk wannan da rubutun "Bayan wata uku". Wannan rami ne a labari a ma'anarsa ta asali, don an nuna mana talaka a farko, an ba shi miliyoyi a tsakiya, ba a biya bashin ba a ƙarshe. Wanda ke kallo daga Legas ko Yamai zai tashi da tunanin abin ai kwana ɗaya ne. Sannan duk mai niyyar yin fim a kan ƙarshen 2021 ya tuna cewa a watan Satumba na shekarar an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, an rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi da ke ci ranar Alhamis. Mutum kan yi doguwar tafiya, wani har wata jiha, don ya kira ɗan'uwansa kawai. In jaruminka ya zaro waya a Zurmi a lokacin ya ce "hello", mu nan dariyar takaici za mu yi.

Wani zai ce, to Malam, ai nishaɗi ne, ka bar mutane su huta. Na ji. Ni ma ba na son mai tsayar da fim kowane minti biyu, irinsa a ba shi waya da abin kunne ya koma gefe. Amma idon nan da ka horar a kan lalle da inuwa, shi ne dai za ka buƙata ranar da aka turo bidiyo a WhatsApp aka ce "yanzu-yanzu a Zurmi". Duba ciyawa: muna watan Maris, me ya kawo kore shar? Saurari bakin masu ihu, Hausar nan ce ko ta wani wuri, ko ma ba Hausa ba ce? Duba lambar mota, kakin jami'an tsaro, irin ginin gidaje, rubutun jikin shago. An sha ɗauko tsohon bidiyo, wani ma daga wata ƙasa, a liƙa masa sunan garinmu, uwa a Kaduna ta kwana tana kuka tana neman layin ɗanta. Tambayar ɗaya ce da ta fim: abin da aka ce mini, ya yi daidai da abin da ke cikin hoton?

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu shiga fassarar fina-finan Indiya, inda ake sa wa mutumin Mumbai zancen tuwo da miyar kuka a baki, mu ga wanne ne gwaninta, wanne ne ɓata labari. Mu kwana lafiya.