Kuyanga Mai Kai Wasiƙa: Wasan Soyayyar Sin a Idon Mai Karatun Kano



Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, unguwannin da ke kewaye da tasha suka zama ƙofar shigowar baƙon abu. A nan Waje aka buɗe silimar Rex a 1937, daga baya Plaza ta kafu a Fagge. Indiya ta ba mu soyayya da waƙa. Sin kuwa finafinan faɗa muka karɓa daga gare ta, sai atamfa da wayar hannu. Shi ya sa ɗan Fagge zai iya rantsuwa cewa Sinawa ba su san so ba.

Sun san shi ƙwarai. A zamanin daular Yuan, wajen ƙarni na 13 zuwa na 14, Wang Shifu ya rubuta wasan Xixiang Ji. Ɗalibi Zhang ya hangi budurwa Cui Yingying a wani gidan ibada. 'Yan tawaye suka kewaye wurin, uwar yarinya ta yi alkawarin aurar da ita ga duk wanda ya cece su. Zhang ya nemo agaji, hankali ya kwanta, sai uwa ta ce su zama wa da ƙanwa.

Masoyan nan biyu ba su ne suka fi jan hankalina ba. Shi ciwon so ya kwantar da shi, ita kunya ta ɗaure ta. Wadda ke tafiyar da wasan ita ce kuyanga Hongniang. Ita ke kai wasiƙa ta dawo da amsa. Da asiri ya tonu, uwar gida ta ɗauko sanda tana tuhumarta, sai kuyanga ta mayar mata da laifin: wa ya fara saɓa alkawari? Uwa ta sauko, amma da sharaɗi: sai Zhang ya ci jarrabawar sarki. Wato dai "yaro ya nemi abin yi tukuna".

Duk wanda ya karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, ya san wannan rigima ta talakan saurayi da gidan masu hali. Sai dai nazarinmu na littattafan soyayya ya fi tsayawa kan auren dole da tasirin Indiya. Ƙawar amarya, ƙanwar da ake aika da takarda a ɓoye cikin mayafi, tsohuwar da ke shiga tsakani, duk mun bar su a gefe, alhali a bakinsu marubuci kan sa maganar da 'ya ba za ta iya faɗa wa uwarta ba.

Ina roƙon malamanmu na Jami'ar Bayero su sa a fassara wannan wasa zuwa Hausa, a kuma ba ɗalibi guda aikin nazarin 'yan aike a littattafan da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari.