Da Kayan Jiya Ake Gina Gobe



Ku ɗan rufe ido, ku hango bikin 'yarku da ba a yi ba tukuna. Kun ga rumfa? Kun ga tukunyar shinkafa da jeren kwanuka? To daga ina hoton nan ya fito, alhali ranar ba ta zo ba? Daga bukukuwan da muka taɓa zuwa ne. Zuciya kan yanko nan ta yanko can, kamar tela da ƙyallaye, ta haɗa ta ce ga gobe.

Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ce ta fahimtar da ni wannan. Ta ba mu labarin wani mutum a Kanada da ya yi haɗarin babur a 1981, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Ya san sunansa, yana hira lafiya lau, amma ba ya iya tuna abin da ya faru da shi a rayuwa. Da wani masani mai suna Endel Tulving ya tambaye shi me zai yi gobe, sai ya rasa abin faɗi. Ashe wanda jiya ta ɓace masa, gobe ma ba ya hango ta.

Amma fa hoton nan yana da yaudara: ƙarshe yake nunawa, ba hanya ba. Lokacin auren babbar 'yata, na sa a raina kwasar adashina za ta isa kayan ɗaki. Na ga gado, na ga labule. Ban ga kuɗin makarantar ƙannenta na watan Satumba ba, ban ga tsadar tumatir da damina ba, ni da sana'ata ke nan. Ƙarshenta sai da na ci bashi, na yi wata bakwai ina biya.

Sannan ku lura da yadda muke jera abubuwa a kai: bayan Sallah, in an yi kaka, in yara sun koma makaranta. Turaku ne masu kyau, sai dai ba tare suke tafiya ba. Sallah tana matsowa da kwana 11 ko kusa da haka kowace shekara, makaranta kuwa tana nan inda take. Wata shekarar sai su yi karo a aljihu ɗaya.

Tunda na iya rubutu, duk abin da na ƙudurta sai na yi masa tambaya uku a littafina. Wace rana? Me zai riga shi zuwa? Nawa irinsa ya ci mini a bara, ba nawa nake fata ba?

'Yan'uwa, kafin ku karɓi rancen ƙungiya na bana, ku zauna ku amsa ukun nan. Wadda ba ta fara rubutu ba, ta sa 'yarta ta rubuta mata, sannan ta biyo mu aji.

Allah ya kai mu baɗi lafiya.